Mun kai Baba makwancinsa kafin mai begila ya iso

Ɗan Saja:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kwana biyu kun ji ni shiru. Mahaifinmu ne Allah ya yi wa rasuwa ranar Talatar da ta wuce, a gida Funtuwa, bayan jinyar wata biyar. Waɗanda suka kira da waɗanda suka yi tattaki, Allah ya ba da lada. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar, na kasa furta shi a gida don kada na ta da ƙura ana cikin makoki, shi ya sa na kawo nan.

Baba tsohon soja ne. Ya shiga a Zariya farkon 1967, ya yi yaƙin basasa daga fari har ƙarshe, ya bar aiki a 1979 yana saja. Ana kiran assalatu ya cika. Kafin takwas an yi masa wanka an suturta shi. Na kira amininsa, shugaban 'yan mazan jiya na yankinmu, ya ce don Allah mu jira su zuwa la'asar, za su zo da tuta da mai busa begila, tunda wasunsu na Bakori, wasu na Malumfashi, shi kansa yana Zariya wurin 'yarsa. Da na faɗa wa Yaya babba, kallona ya yi kamar na yi ashar a masallaci. Liman ya ce ba a ajiye gawa don jiran busa. Goma da rabi aka sallace shi.

Wajen uku sai ga su, tsofaffi bakwai a motar haya guda. Kakinsu duk ya koɗe, amma ya sha guga har karinsa na iya yanka mutum. Tutar na naɗe cikin leda. Ɗayansu mai dogara sanda, da ya ji an riga an kai shi, ko tabarma bai hau ba. Ya ce mini, "Yaro, ni da ubanka mun kwana rami ɗaya tun ba a san za a haife ka ba. Awa huɗu kawai muka roƙa." Ya juya ya koma mota ya zauna.

Tun ranar ba na samun barcin kirki. Don Baba ya taɓa cewa, cikin raha, ranar da ya mutu a busa masa. Mun yi daidai, ko mun tauye masa hakki?

Bazazzagi:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya sa can ta fi nan. Ya haƙuri?

Ɗan Saja:
Haƙuri da godiya, ɗan'uwa. Amin.

Maman Walida:
Allah ya gafarta masa, ya ba Hajiya juriyar takaba. Ka gaishe mana ita.

Malamin Islamiyya:
Allah ya yi masa rahama, ya kyautata namu bayan nasa. Ka kwantar da hankalinka, yayanka da liman ba su yi kuskure ba. Umarni ya zo a Bukhari da Muslim cewa a gaggauta da jana'iza: in mamacin na kirki ne, alheri kuke kai shi gare shi. Hakkin mamaci a kanmu huɗu ne, wanka, likkafani, salla, binnewa, kuma duk kun sauke. Ka tuna Mus'ab ɗan Umair ranar Uhudu. Shi ne mai riƙe da tutar Musulmi, amma da aka zo binne shi mayafinsa bai kai ba, in an rufe kai ƙafa ta fito, in an rufe ƙafa kai ya fito, sai aka rufe kan aka sa ciyawa a ƙafafun. Mai tuta ke nan. Busa ba ta ƙara wa na cikin kabari faɗin taku ɗaya.

Kofur Mai Ritaya:
Allah gafarta Malam, ban ja da hadisi ba, wane ni. Amma da ganin maganarka ba ka taɓa sa kaki ba. Waye ya ce busar ta mamaci ce? Ta waɗanda suka rage ce. Tsohon nan da ya koma mota, ka san mutum nawa ya binne da hannunsa ba wanka ba salla, a dajin da ko sunansa bai iya faɗa ba? Abin da ya rage masa a duniya shi ne in nasu ya mutu a kan gadonsa, su tsaya a kansa su sara masa. Ku kuma kuka hana shi.

Kuma ba wani abu ne da ya saɓa wa addini ba. Ni na halarci jana'izar sojoji Musulmi ba adadi. Ana lulluɓa tutar ne a kan makara, liman ya yi sallarsa yadda aka saba, a bakin kabari a yaye tutar a ninke, gawa ta shiga da likkafaninta kamar ta kowa. Janar Attahiru da jirginsu ya faɗi a Kaduna 21 ga Mayu 2021, washegari aka sallace su a Abuja aka binne, da tutar da komai. Buhari ya rasu a Landan 13 ga Yuli 2025, sai 15 ga wata aka binne shi a Daura, aka yi masa harbin ban girma. Ban ji liman ɗaya ya tashi ya ce an jinkirta ba. To na janar kwana biyu ya halatta, na saja awa huɗu ya haramta?

Mai Shayin Tasha:
Kofur ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Gaggawar jana'iza a kan talaka take ƙarfi.

Malamin Islamiyya:
A'a, kada a haɗa abin da bai haɗu ba. Wanda ya rasu a wata ƙasa dole a jira a kawo gawa, uzuri ne. Malamai ma sun yi sassauci a ɗan jira makusanci in ba a tsoron gawa ta sauya. Da Ɗan Saja ya tambaye ni da safen ranar zan ce masa jira zuwa azahar ba laifi ba ne. Abin da nake cewa, rashin jiran ma ba laifi ba ne, kada yaro ya ɗora wa kansa zunubin da babu shi. Kuma Kofur, watan zafi muke ciki, mutum ya yi wata biyar a kwance. Ka san me nake nufi.

Kofur Mai Ritaya:
Na sani, Malam. Wannan kam na yarda.

'Yar Bariki:
Ku ba ni dama na sa baki, don ni abin ya faɗa a kaina. A bariki aka haife ni, soja na aura. Maigidana a Borno ya rasu, a bakin aiki, can aka binne su su da yawa rana ɗaya. Ban ga gawarsa ba. Abin da ya dawo gare ni tuta ce a ninke, da hularsa, da takalminsa. Lokacin haushi ya sa na cusa su ƙarƙashin gado, na ce wannan ƙyallen zan dafa wa yara? Yau ɗanmu na fari yana aji uku a sakandare, kuma duk abin da ya mallaka na ubansa ke nan. Ranar da aka ce su kawo wani abu na tarihin gidansu makaranta, hular ya ɗauka, ya sa ta a jaka cikin leda biyu kada ruwa ya taɓa.

Don haka ni ba zan ce tuta ba komai ba ce. Amma ƙanena, bambancinku da mu babba ne. Kai ka yi jinyar mahaifinka, ka juya shi, ka ba shi ruwa, ka shiga kabarinsa. Da za a ba ni wannan, wallahi a riƙe tutar.

Ɗan Saja:
Anti, kin sa ni hawaye. Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari.

Kofur Mai Ritaya:
Bari ma na faɗi wata, tunda an fara. Ni abin da ke ƙona mini rai ba liman ba ne. Na raka tsofaffin nan tantancewar fansho ba sau ɗaya ba. Na ga mutum mai shekara saba'in da ɗoriya ya kwana a kan kwali a bakin wani ofishi, takardar sallamarsa a ɗaure cikin leda a ƙirji, yaron da bai kai jikansa ba yana daka masa tsawa ya koma layi. Irin waɗannan in sun mutu ko an busa musu begila goma, ihu ne bayan hari. Kowace 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, a sa furanni, a saki tantabaru, a sayar wa manya bajo, tsoffin kuma su koma gida da kuɗin mota in an ba su.

Ɗalibin Tarihi:
Allah ya jiƙan Baba. Yaya, wace runduna ya yi? Na tambaya ne don shekarar shigarsa ta ja hankalina. Kafin yaƙi sojan Najeriya duka bai wuce kusan dubu 10 ba, da aka gama a Janairun 1970 ya kai wajen dubu 250. Mafi yawansu yaran ƙauye ne daga Arewa da tsakiyar ƙasa, aka ba su horon 'yan makonni aka tura. Runduna ta ɗaya tana hannun Mamman Shuwa, ita ta gangara ta Nsukka ta ci Enugu a Oktoban 1967. Ta biyu Murtala ne, an harhaɗa ta cikin gaggawa bayan 'yan Biyafara sun kutsa yankin Benin a Agusta. Ta uku ta Adekunle ce, ta bakin teku, wadda Obasanjo ya karɓa a 1969.

Ɗan Saja:
Ta Murtala. Ai shi ya sa tun muna yara muka san Baba ba ya shiga ruwa. Ba jirgin kwale-kwale kaɗai ba, ko gada mai tsawo za a haye a mota sai ya runtse ido yana salati har a wuce. Mukan yi masa dariya a ɓoye, soja guda yana tsoron gada.

Sai da na girma, wata rana ina cire masa farce, ya ba ni labarin. Ya ce da suka isa Asaba sun tarar an karya gadar Neja, aka ce a jirage za su haye su kama Onitsha. Ya ce a cikin waɗanda ke tare da shi babu wanda ya taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙasa a ƙarƙashinsa. 'Yan Katsina, 'yan Daura, 'yan Gumel, mutanen da iyakacin ruwansu rijiya da kududdufin damina. Ga takalmi mai nauyi, ga harsashi a ɗaure a ƙugu. Da wuta ta buɗe daga can ƙetare, waɗanda harsashi bai samu ba ruwa ya ci su. Shi wani Bajukune ne ɗan Ibi ya riƙo wuyan rigarsa ya ja shi, ya ce har ya mutu ba zai manta yadda mutumin ke zaginsa yana jan sa ba, wai ya saki bindigar ya ƙi saki, don an ce musu wanda ya yar da bindiga ya shiga uku.

Sau ɗaya ya ba ni wannan labarin. Da na sake tambaya wani lokaci, cewa ya yi na miƙo masa buta.

Ɗalibin Tarihi:
Ya yi daidai da abin da aka rubuta. Ba sau ɗaya aka gwada hayewar ba a Oktoban 1967, kuma duk an yi asarar mutane mai yawa. Daga baya ne suka zagaya ta Idah suka bi ta ƙasa, sai Maris 1968 Onitsha ta faɗi. Ƙarshen Maris ɗin kuma aka yi musu kwanton ɓauna a Abagana, tankar mai ta kama wuta a tsakiyar jerin motoci kusan 100.

Ɗan Saja:
Yana da tabon ƙuna daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Abagana yake cewa, mu muna jin kamar sunan mutum.

Ɗan Sabongari:
Allah ya jiƙan Baba, kuma ku yi mini afuwa da abin da zan faɗa. Na tashi a cikin Inyamurai, maƙwabcinmu na shekara ashirin mutumin Asaba ne. In aka ce rundunar Murtala a Asaba, Oktoba 1967, su ba gada suke tunawa ba. Suna tuna 7 ga wata, ranar da mutanen gari suka fito da fararen kaya don nuna mubaya'a, aka ware maza daga mata aka buɗe musu wuta. Ɗaruruwa suka mutu. Mu a nan ba a koya mana wannan. Ban ce Baba ya yi ba. Amma in za mu yi maganar girmama mazan jiya, mu riƙa faɗinta gaba ɗaya.

Bazazzagi:
Haba ɗan'uwa! Ƙasar kabarin mutum ba ta bushe ba za ka kawo wannan? To in tone-tone za a yi, wa ya fara? 15 ga Janairun 1966 wa ya kashe Sardauna da Tafawa Balewa da Birgediya Maimalari da Kur Mohammed da Largema?

Ɗan Sabongari:
Na sani. Kuma na san abin da aka yi wa Inyamurai a garuruwanmu a Mayu da Satumban shekarar. In muka bi wannan layin sai mu kwana.

Shugaban Zaure:
Jama'a a sassauta. Gaisuwar mutuwa muke yi. Wanda ya sake jefa wa wani magana zan cire saƙonsa.

Ɗan Saja:
Ranka ya daɗe, bar shi, bai zage ni ba. Tambayar da ya yi ni ma na yi ta. Lokacin ina jami'a na karanta labarin Asaba, na dawo hutu da zafin kai na tare Baba a zaure na ce, kana can? Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce yana garin. Na ce ka yi harbi? Ya ce shi a bakin ruwa aka ajiye su suna gadin kaya, amma ya ji ƙarar, kuma da yamma ya ga abin da ya gani. Ya ce, "Wanda ya ji bai hana ba, kada ya ce hannunsa fari ne." Ban sani ba ko ya faɗa mini duka. Abin da ya ba ni ke nan, shi na riƙe.

Abin da na shaida da idona, bayan ya bar soja ya yi gadi a wani kamfanin auduga shekara goma sha wani abu, kuma akwai wani Inyamuri mai sayar da kayan mota da kullum Baba ke raka shi gida da dare in gari ya ɗan yi zafi. Mutumin ya zo gaisuwa ranar uku, ya zauna a tabarma da mu har magariba.

Ɗan Sabongari:
Na gode da ka amsa, Yaya. Ba kowa zai iya ba. Allah ya yafe masa, ya yafe mana.

Na Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar, Allah shi jiƙan tsoho. Mu ma muna da irinsu, waɗanda suka yi wa Faransa yaƙi. Kakana na cikinsu. Faransa ta daskarar da fanshonsu tun 1959, Bafaranshen da suka yi rami ɗaya da shi yana amsar ninkin-ba-ninkin nasa, ba a daidaita ba sai wajen 2007 zuwa 2011, lokacin yawancinsu sun mutu. Shi ma da hantsi aka binne shi, ba tuta ba busa. Lambobinsa suna nan cikin gwangwanin shayi.

Maman Walida:
Ni tambayata ɗaya, tsofaffin nan bakwai haka suka koma? Ko ruwa ba su sha ba?

Ɗan Saja:
Shida sun zauna sun yi addu'a, sun ci abinci. Mai sandan ne ya ƙi fitowa daga mota. Kuma Maman Walida, tambayarki ta sa na tuna abin da ban faɗa ba. Kafin su tafi sun ce a nuna musu kabarin. Ƙanena ya raka su. Ya ce da suka isa sun jeru, shugaban ya ba da umarni da wata murya da ba ka ce daga ƙirjin tsoho ta fito ba, suka ƙame suka sara. Mai begilar ya ɗaga ta, sai ya dubi sauran kaburbura, ya mayar da ita cikin jaka. Fatiha suka yi. Mai sandan yana tsaye daga bakin maƙabarta.

Kofur Mai Ritaya:
To ai sun yi faretinsu. Yaro, abin da ya rage naka ne. Ka nemi gidan mai sandan nan ka je da ƙafarka, kada ka aika, kada ka buga waya. Ka durƙusa ka ce Baba mun yi kuskure, ko da a ranka kana ganin ba ku yi ba. Ka gayyace su addu'ar bakwai, ka biya musu mota. In sun ba ka tutar ka karɓa da hannu biyu.

Malamin Islamiyya:
A nan ni da Kofur bakinmu ɗaya. Sada zumunci da abokan mahaifi bayan rasuwarsa yana cikin mafi girman biyayya, wannan ma hadisi ne a Muslim.

Ɗan Saja:
In sha Allah jibi zan shiga Bakori, an kwatanta mini gidan.

Jiya da dare Hajiya ta sa aka jawo akwatin ƙarfensa daga ƙarƙashin gado. Akwai takardar sallama, da lambobi uku, da burushin takalmi da gashinsa ya ƙare, da hotonsa yana kurtu, kunnuwa sun fi hular girma. Can ƙasa kuma wata takarda da ta sha ninki har ta rabe, an rubuta da ajami, sunaye goma sha tara, kowanne da garinsu a gefe. Hajiya ta ce na ruwa ne. Ta ce tun da ta shigo gidan, duk shekara in kaka ta yi sai ya sa ta yi waina ya raba wa almajirai, ya shiga ɗaki da takardar ya rufe ƙofa. Mu duk zatonmu sadakar sabon hatsi ce.

Bazazzagi:
Allahu akbar. Akwai na Zariya a ciki? Ƙanin kakarmu ya tafi yaƙin nan bai dawo ba, har ta mutu ba ta san inda ya kwanta ba.

Ɗan Saja:
Akwai biyu da aka rubuta Zazzau, ɗaya an ƙara Giwa a gefe. Ba zan sa sunayen a zaure ba. Turo mini sunansa da na mahaifinsa ta akwatin saƙo, in na shiga wurin Hajiya da safe zan duba, takardar tana hannunta ta ƙi bari a fita da ita daga ɗakin.